Rumbun da Ba a Biyan Haya

A Marma sabis ba ya shiga ɗaki.
Sai ka hau tudun bayan firamare,
ka ɗaga waya kamar mai auna hadari,
sanda biyu su leƙo, ɗaya ta fasa.

Can na zauna da tsohuwar kwamfutar Sagiru,
wadda harafin ka ɗinta sai an murje shi da babban yatsa,
ga shi rabin kifayenmu da shi suka fara:
karfasa, kurungu, kawara.

Baffa Ilu ne ya faɗa, ni na rubuta.
Suna talatin da bakwai ya lissafa yana ɗinkin koma,
goma sha ɗaya a ciki, in ji shi,
tun da kachalla ta cinye bakin ruwa
bai ƙara jin nauyinsu a hannu ba.

Na ce zan ajiye su inda gara ba ta kai.
Ya ce nawa ne?
Na ce kyauta.
Ya cije zare ya tofar:
banza ba ta kai zomo kasuwa, yaro.

Ban yi musu ba. Na buɗe rumbu a intanet,
ba jinka, ba yaɓe, ba ƙaya a gindi,
suna kawai suka tambaya, na ba shi na kifayenmu.
Fayil uku na zuba:
ɗaya na rubutu, ɗaya na launi,
ɗaya hoton hannun Baffa riƙe da gargaza,
wanda na matse har sau huɗu
don kada ya cinye datar mai kallo.

Shafi ne da ba ya motsi.
Ba ya tambayar kowa lambar waya,
ba ya lissafi, ba ya tsegumi.
Abin da ka jera shi zai tsaya,
kamar kifi a kan tarago.

Na tura. Na jira.
Ɗigo ruwan ɗorawa yana ta juyi,
awaki suka wuce, Lantana mai awara ta wuce,
cajin ya sauko goma sha biyu.
Ɗigon ya koma kore.
Na buɗe adireshin da bismillah,
sai lamba ta tare ni: ɗari huɗu da huɗu.
Wai babu kowa a gidan.

Kwana biyu ina zargin sabis,
ashe babban baƙi na sa a farkon sunan fayil
inda ƙarami ake so.
Na gyara, ƙofa ta buɗe,
sai ga tarwaɗa ta rasa wutsiya,
ƙugiyar ɗa ta zama tarkacen da ba ya karantuwa.
Layi guda ya rage a saman shafi,
mai gaya wa injin duniya
cewa baƙaƙenmu suna da lanƙwasa.

Rumbun nan ba ya mantuwa.
Kowane awo da na zuba, da ranarsa, da dalilinsa,
har kurakuraina yana riƙe da su a jere.
Na so in share, na bari.

Daren Laraba Tasi'u ya kira daga Fatakwal,
shekara tara rabonsa da kwalekwale.
Bai gaishe ni ba ma.
Ya ce kun manta ɗaya,
ƙaramin nan mai ɗigo a gefe
da Inna ke soya mana in an dawo su.

Na kai wa Baffa waya.
Ya daɗe shiru, allura a tsaye.
Sannan ya faɗi sunan a hankali,
ya ce da safe ka hau tudun,
ka zuba shi a rumbun naka.
Ka tambaye su kuma, in wata ran za su rufe,
su yi mana sallama tukuna.